Mushe Nomau Ya Gane Hannuna

Shekara ashirin da uku ke nan, a watan nan da muke ciki, da aka ɗauki Mushe Nomau daga gidansa na Tawa aka kai shi makwancinsa. Na ƙirga da kyau kafin in rubuta, kada wani tsohon ɗalibinsa ya taso mini da gyara, domin mutanen da ya koyar ba su iya jin kuskure su yi shiru ba. Kowace shekara akwai masu yabonsa a jarida. Wanda ya zama likita ya rubuta, wanda ya zama babban ma'aikaci a Yamai ya rubuta, kowa da Faransancinsa mai ƙyalli. Ni ban taɓa sa baki ba. Bana na ce bari wanda ya fi su cancanta ya yi magana, wato mutumin da marigayin ya kayar a jarrabawa da bakinsa.

Sunana Arzika. Maginin rijiya ne ni, ɗan maginin rijiya, kuma mai rabin ilimi, domin na yi shekara huɗu a kwaleji na fito ba takarda. Nomau ɗan gwaggona ne, Hajo yayar babana ce ta haife shi. Taubashina ke nan, kuma kowa ya san haƙƙin taubashi: in zolaye shi a tsakiyar kasuwa, in ƙwace masa hula ranar salla, ba mai shiga tsakani. Ya girme ni da shekara goma. Shekaru kaɗan bayan ƙasar nan ta samu 'yancin kanta aka turo shi kwalejin garinmu ya koyar da siyans, ilimin halittu da na ƙasa, ni kuwa ina zaune a benci na uku. Da safe Mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, in ya shigo in miƙe tsaye. Da yamma a gidan Gwaggo kuwa Nomau ne mai kunnen jemage. Na riƙe ayyukan nan biyu da gaskiya, ban taɓa haɗa su ba sai rana ɗaya.

Burina a lokacin ɗaya ne, in ci birbe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, in tafi Yamai in koyi aikin likitan dabbobi. Na riga na ga kaina da kaki da jaka, makiyaya na sauko mini daga raƙumi. Baba ya ba ni shekara huɗu, ya ce in ban fito da takarda ba igiya na jirana. Ban ɗauki maganar da zafi ba, domin a siyans ba wanda ya kama ƙafata a ajinmu. Wannan ba yabon kai ba ne, shaidu biyu na nan da rai, ko da yake ɗaya ba ya ji sosai.

Kafin zuwan Nomau wani Bature ke riƙe da darasin. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙazafi ba. Yana da wani dogon hoto da yake ratayawa a jikin tablo, baƙin allon aji. Biri ne a hagu yana rarrafe, na gabansa ya ɗan ɗago, na gaba ya ƙara ɗagowa, har a dama a ƙare da mutum a tsaye, fari tas, kamar an ce ya gyara za a ɗauke shi hoto. Ya nuna da sanda, ya yi mana shifta, mu rubuta, mu hardace. In wani ya ɗaga hannu ya ce Annabi Adamu fa, sai ya yi murmushi ya ce wannan labarin gida ne, a bar shi a gida. Na ga abin da wannan koyarwa ta haifa. Yawancinmu muka zama masu aljihu biyu, ɗaya na Bature wanda ake zazzage masa ranar jarrabawa a kurkure baki, ɗaya namu. Mutum biyu ko uku kuma suka ɗauki murmushin suka bar darasin, suka koma gida suna yi wa iyayensu kallon birin hagu. Ba wanda ya fahimci kome a cikinmu, har da su.

Ranar da Nomau ya fara shiga ajin, naɗe hoton ya yi ya ɗora shi a kan kabad. Ya ce za mu zo kansa, amma ba ta nan ake shiga ba. Sai ya tambaya, wa ya taɓa ganin yadda ake ware gero na iri. Duka muka ɗaga hannu, muna mamakin wannan tambaya ta banza. Wace zangarniya ake warewa? Doguwa, mai cika. In aka yi haka shekara da shekaru, geron gonar zai zauna yadda yake? Wani ɗan Tebaram ya ce a'a, kakansa na cewa geron da ba haka yake ba. Ya juya ga 'ya'yan makiyaya ya ce su faɗa mana yadda ake zaɓen bijimin da za a bari a garke, da dalilin da ya sa shanun Azawak ba su yi kama da na kudu ba. Suka yi ta bayani har suna katse juna. Da suka gama ya ce, to kun riga kun san rabin darasin, a gidajenku aka rubuta shi. Saura tambaya ɗaya: inda ba manomi ba makiyayi, fari da yunwa da kura za su iya yin zaɓen? Ya bar mu da ita mako guda.

Sai wata Alhamis, ranar da ba a lakwal, ya roƙi direban kamiyo, babbar motar da ke kawo mana hatsi, ya kwashe mu zuwa wajen Kalfu, inda Baba ke gina wata rijiya. Ta kai gaba goma sha takwas ba a tarar da ruwa ba. Na so ƙasa ta buɗe in shige, domin ban taɓa gaya wa 'yan ajinmu sana'ar gidanmu da baki ba, ga shi an kawo su su ga ubana da laka har gira. Nomau ya cire hula ya durƙusa ya gaida shi, ya ce mana yau ga malaminku.

Baba ba ya zubar da ƙasar rijiya wuri ɗaya. Kowane irin da ya fito tsibinsa daban, a jere, don in ya fito shan iska ya duba ya san inda yake. Ya bi tsibin nan da mu ɗaya bayan ɗaya: jan ƙasa, marmara, farin dutse, baƙin yumɓu mai santsi, wani farin dutsen kuma. Ya fasa farin da dagi, sai ga katantanwa a ciki, ta zama dutse, zanenta bai goge ba. A cikin baƙin yumɓun muka tsinci haƙora masu tsini, Nomau ya ce na kifin teku ne. A ƙasarmu ta Adar, inda mace ke tafiyar rabin yini don tulu ɗaya.

Nomau ya juya ga Baba ya ce, "Kawu, mi ya kawo su nan?"

"Ruwan Ɗufana. Haka munka ji."

"Hawa nawa kake tarar da su in kana gini?"

"Uku. Wani wuri huɗu. Da yumɓu tsakani."

"Na ƙasa da na bisa iri ɗaya ne?"

Baba ya yi dariya. "Ina fa! Na ƙasa ƙanana ne, baki a murɗe. Ko da ido rufe na san su."

"Ɗufana kuwa sau nawa anka yi ta?"

Baba ya dube shi, ya dubi tsibin. Ya ce, "Kai ɗan Hajo, ni gini nake yi. Tahi ka tambayi masu sani." Ya kama igiya ya sauka.

Muka zuba wa Nomau ido muna jiran ya yanke hukunci, ya ce ga mai gaskiya. Bai yanke ba. Ya sa kowa ya cika aljihu da duwatsu, muka hau kamiyo. A hanya gardama ta kaure, har da masu rantsuwa, shi kuwa yana gaba kusa da direba yana cin gyaɗa.

Sai bayan wata biyu ya sauko da hoton birin. Ya ce wanda ya zana shi ya yi gaggawa, littafi bai ce kakanku biri ba ne, cewa ya yi tushenku ɗaya can da nisa, kamar taubasai. Na ɗaga hannu cikin ladabi na ce, Mushe, in haka ne na gamsu, don ni ina da taubashi kuma na ga kamar. Ajin ya fashe. Ya sa ni share fili kwana uku, da yamma kuma a gidan Gwaggo ya ba ni cinyar zabo. Da aka zo kan Annabi Adamu bai yi murmushin Bature ba. Ya ce shi ma yana salla, shi ma tambayar tana hana shi sakat. Ya ce abin da dutse da ƙashi suka nuna zai koya mana shi ba ragi, ba kuma zai ce ya ga abin da bai gani ba. Abin da za mu yi da shi a zukatanmu, wannan bai da sandar da ta kai can.

Ina tuna wannan duk lokacin da jikata Hadiza ta dawo daga lise, makarantar gaba da kwaleji. Bara na tambaye ta ko sun kai babin, ta ce malaminsu ya tsallake shi, wai ba ya son fitina kuma da wuya ya fito a jarrabawa. Wata ƙawarta a wata makarantar an yi musu shiftarsa a rana ɗaya, malamin na karantawa kamar mai shan maganin ɗaci. Sauran ilimin a waya suke samunsa. Wannan ya fito yana ihu duk wanda ya karanta ya kafirta, wancan ya fito yana ihu duk wanda bai yarda ba jaki ne, yaran na latsawa daga wannan zuwa wancan suna cin ƙosai. Da Nomau na nan, na san ba wayar zai zaga ba, shi mai son sabon abu ne, da ya riga kowa saye ya kasa kunnawa. Malamin da ya tsallake babin zai nema. Zai ce masa yaro ba ya mantawa da shafin da aka hana shi gani, kuma abin da ka koya masa ranar nan shi ne imaninsa ba ya jure kallo. Sannan zai tsaya a bakin rijiyar burtsatsen da injin ke haƙawa yanzu cikin kwana biyu, ya ga tarihin Adar na fitowa a narke yana kwarara cikin kwata, ba yaro ko ɗaya da aka kawo ya tara hannu. Wannan ce za ta sa shi zama.

To, mu zo kan laifinsa, don ba yabo na zo yi ba.

Da birbe ta matso, tsoro ya shige mu. Ji a aji daban, rubutawa da hannunka ka miƙa daban. In tambayar ta fito, ka zauna ka rubuta cewa halittu sun yi ta sauyawa cikin shekarun da ba su ƙirguwa, ranar gobe hannun nan ba zai ba da shaida ba? Na kai wa Baba maganar yana gyaran guga. Bai ko ɗago ba.

"Malamin da ya fi kowa sani, in ya gama ba da fatawa, da mi yake rufewa?"

Na ce, "Wallahu a'alamu."

"To. Rubuta abin da anka koya maka, ka rufe da shi. Kai ka fi su ne?"

Na kai wa 'yan aji wannan fatawa, kowa ya ji sanyi, aka yi alkawari duka za a rubuta. Maganar ta kai kunnen Nomau. Ana saura kwana biyu ya tsaya gabanmu ya bayyana dokar. Sunanka a kusurwar takarda yake, a naɗe a liƙe da ƙaro, don kada mai dubawa ya san ta wane ce. Duk wata alama da za ta iya nuna mai ita, an soke takardar. Ya ce ba bisimilla, ba zane, ba kome sai amsa, wanda ke da magana da Ubangiji ya yi ta a zuci, ba Ya bukatar tawada. Duka ajin suka ji. Ni na ɗauka Nomau ne ke magana, ba Mushe ba. Ran nan kaɗai na haɗa su, kuma ita ce ta ci ni.

Tambayar ta fito kamar ni na aika a kawo ta: me ragowar halittun da ke cikin duwatsu ke nuna mana. Na cika shafi uku. Na jera tsibin Baba daga sama har ƙasa, na kawo katantanwa mai murɗaɗɗen baki, na kawo gero, na kawo bijimi. Ban taɓa rubutu irin na ranar ba, ban kuma sake ba. Da na sa aya ta ƙarshe na duba abin da hannuna ya yi, sai tsoron ranar gobe ya dawo mini. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen allo, na rubuta abin da Baba ya ce. Na fito ina fito da baki.

A lokacin malamai kaɗan ne, don haka akan tara na garuruwa a ɗaki ɗaya su duba takardu, har da na ɗalibansu. Abin da ya faru a ɗakin wani malami ɗan Damagaram ne ya ba ni labarinsa daga baya, kuma bai saɓa da na Nomau ba. Takardata ta faɗa hannun wani da ba ya karanta Larabci, ya kai wa shugaban masu dubawa. Ɗan Damagaram ya leƙa ya yi dariya, ya ce ba kome ba ne, cewa aka yi Allah ne mafi sani, kowane yaron Musulmi na iya rubuta haka. Shugaban mutum ne mai sauƙi. Ya ce to, a zagaya da ita, in ba wanda alamar ta nuna wa mai takardar, a duba ta kamar saura. Ta bi hannu-hannu. Wannan ya ce bai sani ba, wancan ya ce bai sani ba. Rubutunmu na boko duk kusan ɗaya ne, da bulala ɗaya aka koya mana shi. Amma baƙaƙen allo na gida ne, kuma wanda ya fara kama hannuna ya ɗora a kan allo ina ɗan shekara biyar, a zauren Gwaggo, shi ne Nomau. Ɗan Damagaram ya ce ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Nomau ya duba, ya ajiye, ya ce, "Na san hannun. Ɗan kawuna ne."

Aka ja jan layi. Sifiri a darasi ɗaya ya kayar da jarrabawar duka, shekaruna kuma sun wuce na maimaita aji.

Bai bari mu ji a bakin wani ba. Da la'asar ya iso bakin rijiyar da Baba ke ginawa a kan keke, ƙura har gwiwa, ya durƙusa gaban Baba ya faɗi kome ina tsaye. Na jira Baba ya tashi da faɗa, ko a kansa ko a kaina, ko ma a kan kansa tunda fatawarsa ce. Ya daɗe yana murza igiya.

"An tambaye ka?"

"An tambaye ni, Kawu."

"Ka gane?"

"Na gane."

"To." Ya miƙo mini igiyar. "Arzika, sauka. Akwai sauran rana."

Gwaggo ce ta yi faɗan da Baba bai yi ba. Wata uku ba ta amsa gaisuwar ɗanta ba, tana cewa ta haifi alƙali ba ta sani ba. Ni kuwa na yi abin da taubashi ya iya. Na raɗa masa suna Na-gane, sunan ya bi shi har jikokinsa, yawancin masu kiransa ba su san mafarinsa ba. A gaban mutane dariya ce. A ƙasan rijiya, inda ba mai ganin fuskata, wani abu ne daban. Shekarun farko in na ji an ce wane ɗan ajinmu ya dawo da kaki, nakan sari dutse fiye da yadda yake bukata. Kalma uku kawai ake nema a bakinsa, ban sani ba. Ba wanda zai cutu, ba wanda zai ji.

Na yi shekara arba'in ina gini, daga Kalfu har bayan Tebaram. Ba rijiyar da na gama ban kai masa buhun duwatsu ba, kowane da bayanin gaba nawa na same shi. Yakan baza su a tabarma ya yi ta tambaya kamar shi ne ɗalibin, in na faɗi abin da ya saɓa wa littafi ya rubuta nawa a gefen shafi. Rabin abin da yaran Tawa suka taɓa da hannunsu a ajinsa daga bayana ya fito. Saboda haka likitocin nan masu rubuta yabo, in sun ga dama, su riƙa gaishe ni.

Mutanen da suka fito daga hannunsa ba ra'ayinsu ɗaya ba, kuma wannan ne masu yabon ke ɓoyewa. Wanda muke benci ɗaya da shi limami ne yau a wajen Takanamat. Ya yarda da tekun, ya yarda da daɗewar duniya, ya yarda dabba da tsiro na sauyawa, a kan mutum kuwa ya ja birki, kuma zai gaya maka dalilinsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Wani likita ne, ya karɓi babin duka har da hoton, kuma sahun farko yake salla. In sun haɗu wajen suna sai an raba su a ci abinci. Ni ina tsakaninsu, na fi kusa da limamin ranar Juma'a. Amma tekun ba mai karɓe mini shi, na kwana cikinsa da dagi. Abin da ban samu ba a cikin ɗalibansa shi ne mai gudun tambaya, ko mai raina uwarsa don ya karanta shafi goma. Ɗaliban Baturen kuwa, da na malamin Hadiza, iri biyun nan ne suka fi yawa. Ga abin da na gano da rabin ilimina: yaro ba babin yake ɗauka ba, yadda malamin ya tsaya gaban babin yake ɗauka. Kuma ba ya yarda da labarin abin da ya faru kafin a yi mutane sai daga bakin wanda bai taɓa kama shi da ƙarya a kan abin jiya ba.

Nan ne maganar ta kama ni, kuma na daɗe ina kauce mata. Da Nomau ya ce bai san hannun ba, da na samu kakina. Da kuma wata rana ɗan Damagaram ya ba ni labarin yana dariya, da na san malamina na iya duban abu ya ce bai gani ba in ganin zai yi tsada. Daga ranar, duk abin da ya koya mini sai in sake auna shi. Ban ce na ji daɗin cinikin ba. Na ce dai na san abin da aka ba ni a madadin.

Da ciwonsa ya yi nauyi na je duba shi da hantsi. Ya rame, kunnuwan ne kawai ba su ragu ba, na kuwa gaya masa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya kama hannuna, wannan dai hannun, ya ce, "Arzika, ka yafe mini?"

Ban shirya ba. Shekara arba'in ba mu taɓa yin maganar ba sai da wasa, sai na gudu cikin wasan. Na ce sai ya faɗa mini maki nawa na ci, tunda ya riƙe takardar a hannunsa.

Ya ce, "Ban karanta ba."

"Kamar yaya ba ka karanta ba?"

"Da na gane hannun, ba ni da ikon karantawa. Na kife ta."

Na ce, shafi uku, Nomau! Duk tsawon shekarun nan ina ɗauka aƙalla mutum ɗaya a duniya ya san abin da na rubuta. Na tashi da fushin gaske na lulluɓe shi da na wasa, na ce to yafiyar ma sai ya jira, zan dawo ranar Juma'a in ga ko ya cancanta. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Laraba aka aiko.

A wajen jana'iza liman ya ce duk mai wani haƙƙi a kansa ya yafe, jama'a suka amsa, na amsa tare da su. Amma amsar taro ce, muryata ta ɓace a ciki, kuma shi ni kaɗai ya tambaya. Shekara ashirin da uku ina cewa ai ya sani. Wataƙila ya sani. Sai dai mutumin da aka tambaya a gaban jama'a ya ba da amsa a fili, bai kamata a biya shi da amsar zuci ba.

Saboda haka ga ta, da sunana a buɗe ba a liƙe ba. Nomau ɗan Hajo, na yafe maka birbe, na yafe maka kaki, duniya da lahira, kuma da za a sake zagayowa da takardar ba zan so ka faɗi wani abu daban ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka cikin masu gaskiya. Rashin karantawar ne ban yafe ba. Har yau ina da shafi ukun nan a ka, ba abin da ya zube. In Allah Ya haɗa mu inda muke fata, ka nemi wuri mai inuwa ka zauna, zan karanto maka su tun daga farko, kuma ba za ka tashi ba sai ka ba da maki.